Kalmomi Goma Sha Biyu na Yokana

Buginyanya, 6 ga Yuni

'Yata Khainza,

Mulembe. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji, da fatan Nairobi ba ta ƙarasa cinye ɗan naman da ya rage a jikinki ba. Ranar jana'izar Papanki Yokana na ga ƙasusuwan wuyanki, na yi shiru ne kawai don mutane sun yi yawa. Ni dai ga ni nan. Gwiwa tana nan da halinta. Kunnen hagu ya yi ritaya gaba ɗaya, na dama kuma rabin rana yake aiki. Shi ya sa nake ce miki ki daina kirana a waya, muryarki nake ji kamar daga cikin tulu. Ki rubuto, ki ba Odeke direban bas, ya san shagon da zai ajiye mini a Mbale.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya Masette, sakataren ƙungiyar manoman kofi, ya hawo har gida yana haki. Ko shayi bai bari na zuba ba ya ce, "Malama, ina wayar marigayi? Kofi zai nuna a Oktoba, kin kuma san buhun da wayar lambu ba ta sa masa hannu ba, ba ya shiga mota."

Na ce waya tana wurin ƙanensa Wanyera. Ranar rabon kayan mamaci shi ya sami waya da rediyo da takalmin roba. Da ya kasa buɗe ta sai ya kai Mbale aka wanke masa ita tas, aka goge duk abin da ke ciki, yanzu waƙoƙi yake ji da ita. Masette ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce Yokana ya sa hannunsa na ƙarshe ranar 20 ga Fabrairu, in kuma aka cika kwana ɗari uku babu wani sa hannun, lambu mai lamba 41 zai fita daga ƙungiya, a ba wani gurbin. Ya ƙirga a yatsunsa, ya ce 17 ga Disamba.

Na ce masa, "To ka gyara mana, ba kai ne sakatare ba?"

Ya ce, "Malama, ni yanzu sunan kawai gare ni. Abin 'yarki ne ke mulki."

Khainza, bishiyoyi ɗari huɗu ne, ni da Yokana muka dasa su da hannunmu shekarar da muka yi aure da wadda ta biyo ta. In lambun ya fita, sai dai in sayar wa masu babur da ke zuwa da sikelin ƙarya, su gauraya kofinsa da na kowa. Ba zan iya kallon wannan ba. Kakanki da mahaifin Yokana ne 'yan uwa, na sani, amma shekara shida kika yi a gidan nan kina cin matokena, dafaffiyar ayabar nan, kina zaune a ajina, kina ce mini Mayi, wato uwa, don haka ba na neman izini kafin in sa ki aiki. Ke kika kawo mana wannan abu. Ki gaya mini abin yi, da kalmomin da tsohuwa za ta gane.

Mayinki,
Perusi Nandutu


Nairobi, 20 ga Yuni

Mayi,

Mulembe. Na karɓi wasiƙarki, na karanta ta a tsaye a tasha. Lafiyata ƙalau, gajiya ce kawai. Bara mu bakwai ne a ofis, yanzu mu huɗu, aikin mutum bakwai ɗin kuma bai ragu ba. Ki ci gaba da shafa man nan a gwiwa, ki daina hawa gangaren coci ba sanda.

Kar hankalinki ya tashi a kan wayar. Makullin lambun ba ita ba ce. Ranar rajista an ba kowane manomi takarda mai kalmomin Turanci goma sha biyu, su ne makullin. Duk wayar da aka rubuta su a ciki, a jere yadda suke, ta zama wayar lambu 41. Takardar za ki nemo.

Bari in yi bayani, ki ba ni maki kamar da. Ki ɗauka rajistar ajinki ce, amma maimakon guda ɗaya a durowar hedimasta, kwamfutoci dubbai ne a ƙasashe daban-daban, kowace tana riƙe da kwafi. Kowane shafi bulo muke ce masa. In ya cika sai a buga masa hatimi, shafi na gaba kuma ya fara da hatimin na bayansa, su yi ta sarƙewa haka. Shi ya sa ake kiran abin bulokcen, wato sarƙar bulo. Wanda ya kankare layi ɗaya a shafin bara, hatiminsa zai saɓa da na sauran, su ƙi shi. Sabon layi ma ba ya zama sai kwamfutocin sun yarda da shi.

A kan wannan rajista muka ɗora dokokin ƙungiya. Yarjejeniya ce mai zartar da kanta, a ofis muna ce mata kwangila mai wayo. Ba mai danna ta. In sharaɗi ya cika, ta aikata, ko da duk muna barci. Manhajar da kike gani a wayar Masette kuwa taga ce kawai ta leƙa rajistar, rajistar ita kanta ba ta da ubangida, ba a ofishinmu take zaune ba.

Dokar kwana ɗari uku ni na rubuta ta, kin kuma san dalili. Lambu ɗari biyu kacal masu sayen kofin ƙungiya suke ɗauka. Kin tuna tsohon kwamiti, yadda suka bar lambunan matattu a littafi suna shigar da kofin kasuwa da sunansu, masu rai kuma suna jira a layi shekara da shekaru? Papa ne ya fi kowa faɗa a kan haka a taro.

Ki duba akwatinsa, da Littafi Mai Tsarki, da bayan hotuna. Takarda ce ruwan ɗorawa, girman tafin hannu. Akwai lokaci, kar ki damu.

'Yarki,
Khainza


Buginyanya, 10 ga Yuli

Khainza,

Gaisuwa da fatan alheri. Ruwa ake yi ba dare ba rana, hanya ta zama kunu, 'yan boda, masu acaɓa, ma sai a ƙasan tudu suke sauke mutum. Na yi mura na warke.

Na ba ki shida cikin goma. Bayanin ya shiga, amma kin cika son kalmomi. Na dai gane cewa kun yi rajistar da ba ta da hedimasta, kuna kuma alfahari da hakan. Shekara talatin da huɗu na yi ina zagin hedimastoci, ban taɓa zaton zan yi kewar ko ɗaya ba.

Na juye gidan nan kaf. Akwati, Littafi Mai Tsarki shafi-shafi, littafin waƙoƙi, ƙarƙashin katifa, cikin rufin kicin, har tulun da yake ɓoye sukari don kar in gani. Na sami rasit na keke na shekarar da aka haife ki. Na sami haƙorinsa da ya cire, a nannaɗe cikin takarda. Na sami wasiƙar da na rubuta masa kafin aure, ya gyara mini kuskure biyu da jan biro, ni malama. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi dariya, na tashi da ƙyar. Takardarki dai babu.

Wanyera ya zo ya tsaya a ƙofa yana kallona cikin tarkace. Ya ce, "Matar yaya, ki kira 'yar Nairobi ta buɗe mana mana. Wa ya taɓa gina ɗaki bai san inda ya raunana ba?"

Ban cika yarda da maganar Wanyera ba, amma wannan karon ni ma ita ce tambayata. Ke da kika gina abin, ba ki bar wa kanki ƙofar baya ba? Ki faɗa mini gaskiya, ba zan gaya wa Masette ba.

Mayinki


Buginyanya, 2 ga Agusta

Khainza,

Ba ki amsa ta baya ba, amma wannan ba za ta jira ba. Ina lafiya a jiki.

Na san inda takardar take.

Shekaranjiya ina ɗinke rigar makarantar jikar maƙwabciyata, zare ya ƙare, na buɗe gwangwani na ga baƙin zaren nan mai kauri. Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Sati ɗaya bayan rajista, Yokana ya kawo mini kwat ɗinsa na Lahadi, mai ruwan toka. Ya ce, "Perusi, ɗinke mini bakin aljihun ciki." Na taɓa na ji takarda cikin leda. Na ce mene ne? Ya ce, "Khainza ta ce kar in nuna wa kowa. Ko ita, ko ke." Na ce to ka riƙe sirrinka, tsoho, wa ya damu. Na ɗinke, har layi biyu na yi don kar ya ɓalle.

Kin san da wane kwat muka binne shi. Ni na zaɓa, ni na goge shi, ni na gyara masa wuya. Hannuna ya bi ta kan aljihun nan, ban tuna ba.

Tun shekaranjiya nake fita bayan gida in tsaya wajen kabarin. Taku goma sha biyar ne daga ƙofar kicin. Ban san abin da nake so ki ce ba. Ki dai ce wani abu.

Perusi


Tashar bas, Nairobi

Mayi,

A gurguje nake rubutu, Odeke ya riga ya tayar da mota. Ina lafiya, ina fatan kina lafiya.

Babu ƙofar baya. Da gangan na ƙi barin ta, don in akwai, wata rana wani zai bi ta ciki. Ni ba zan iya buɗewa ba, shugaban ofishinmu ba zai iya ba, masu sayen ma ba za su iya ba. Takardar ce kawai. In ma a ƙarƙashin ƙasa take, a samo masu ƙarfi su haƙa tun ruwa bai lalata ta ba. Ba abin kunya ba ne, an yi haka a lambu 17 kuma an samu. Kar ki tsaya jan lokaci, Mayi, Disamba ba nisa.

K.


Buginyanya, 15 ga Agusta

Khainza,

Na karɓi amsarki. Ban san haka Nairobi take mayar da mutum ba.

A samo masu ƙarfi su haƙa. Mutumin da ya goya ki a bayansa ya tsallake kogi da ke ranar jarrabawa, wata biyar ke nan da kwanciyarsa. Ko "sannu" ba ki ce ba, ko layi ɗaya.

Abin da ya fi muni, Wanyera ne ya karɓo wasiƙar a Mbale, ya kuma buɗe ta a hanya, kin san halinsa. Yanzu yana yawo gida-gida yana cewa, "Mai ilimin ma ta ce a haƙa." Har ya je wurin dattawan dangi, sun ce in dole ne akwai yadda ake yi, da akuya da giya da roƙon gafara. Har kuɗin akuya sun fara yankewa.

Kar ki rubuto sai kin tuna 'yar wa ce ke.

Perusi Nandutu


Nairobi, 3 ga Satumba

Mayi,

Na durƙusa. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki jefa ta a murhu.

Wasiƙunki biyu tare suka zo hannuna jiya, ta 2 ga Agusta da ta 15, don Odeke ya yi jinya, suka kwana a aljihun motarsa. Waccan takarda da ta ɓata miki rai, tun 30 ga Yuli na rubuta ta, amsar tambayarki ce ta ƙofar baya. Ban san da maganar kwat ba. Mutumin lambu 17 a gwangwanin madara ya sa tasa takardar ya binne a gindin ayaba, abin da nake nufi ke nan. Ban sa kwanan wata ba, ni da na sha duka a hannunki a kan kwanan wata. Kar a taɓa kabarin Papa. Ki gaya wa Wanyera ni na ce, ki nuna masa wannan layin.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba, wata shida ke nan yana zaune a ƙirjina.

Ranar 7 ga Maris, kwana biyu kafin ya rasu, Papa ya kira ni daga asibiti. Kin fita nemo masa ruwan zafi. Ina cikin taro, na fito baranda. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Khainza, ɗauko biro. Kalmomin nan naki na haddace su, zan karanto miki." Har ya faɗi ta farko. Na daka masa tsawa, Mayi. Na ce, "Papa, a'a! Ba a faɗa a waya! Sau nawa zan gaya maka?" Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "To, Malama ƙarama. Na bi doka." Na ce zan zo da bikin Ista mu zauna mu tsara komai. Na koma taro.

Ko ta farkon ban riƙe ba. Na yi ta ƙoƙarin tunawa, babu.

A duk ƙauyukan da muka yi rajista, ni ce nake tsayawa gaban manoma ina cewa kar ku nuna wa kowa, ko matarku, ko ni. Ɓarayi nake tunani. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin mutuwa ba, ni da na rubuta doka a kan lambunan matattu. Yawancinsu ba su ji maganata ba, Masette ya ce wasu a bango suka manna tasu. Papa ne kaɗai ya bi ta har ƙarshe.

Na je wurin shugaban ofishinmu. Hanya ɗaya ce ta rage: a rubuta sabuwar yarjejeniya, a kwashe lambuna duka a mayar kanta. Sai kashi biyu cikin uku na makullan manoma sun sa hannu, sai kuma masu sayen sun turo masu bincike sun duba kowane layi. Ya ce, "Saboda lambu ɗaya? Ki kawo mini wannan a sabuwar shekara, in muna nan." Na ce Disamba za a rufe. Ya ce, "Ai ke kika rubuta, kuma daidai take aiki." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Ina rubuta sabuwar duk da haka, a ranakun Asabar. A cikinta manomi zai zaɓi mutum biyar da ya yarda da su, in makulli ya ɓata uku daga cikinsu su taru su ba shi sabo. Ba za ta iso kafin Disamba ba. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Na gaji, Mayi. Ki yafe mini in kin iya.

Khainza


Buginyanya, 9 ga Nuwamba

'Yata,

Mulembe. Na daɗe ban rubuto ba. Da farko fushi ne, daga baya kuma tsinkar kofi. Bana ya yi 'ya'ya kamar ya san abin da ake ciki, rassa har ƙasa. Ni da mata uku muke tsinka, mu bare, mu wanke, mu shanya, rana kuma sai ta ga mun baza sannan ta ɓuya. Bayana ya riƙe. Da sanda nake zuwa coci yanzu, ki kwantar da hankalinki.

Na karanta wasiƙarki sau huɗu. Ashe shi ya sa da na dawo da ruwan zafin na tarar da shi yana murmushi da waya a ƙirji. Na ce wa ya kira? Ya ce, "Yarinyar nan ta fi ki faɗa." Ban yafe miki nan da nan ba, ba zan ɓoye ba. Sati biyu ina jin haushinki, sannan na tuna wa ta yi ɗinki layi biyu ba ta tambaya ba. Ni da ke duk mun taya shi kulle ƙofar, don haka ki daina ɗaukar kayan ke kaɗai.

Dattawa sun zauna ranar Asabar a tsakar gidana. Layin da kika ce in nuna wa Wanyera bai hana shi ba, ya riga ya sa rai. Har da akuyar ya zo, baƙa, tana cin furannina. Ya ce, "Matar yaya, awa ɗaya ce fa. Ba fito da shi za a yi ba, hannu kawai za a sa. Shi kansa da zai yi magana, cewa zai yi ku ɗauka, lambun nan ne ransa."

Abin haushin, Khainza, ba ƙarya ya yi ba. Na san Yokana zai ce a ɗauka, ai ya yi ƙoƙarin ba ki. Dattawa duk suka zuba mini ido. Masette yana gefe da wayarsa a shirye. Ga buhu goma sha ɗaya a jingine a baranda, kofin da ya fi na kowace shekara kyau.

Na ce musu, "Shekara arba'in da ɗaya mutumin nan yana tashi kafin zakara saboda bishiyoyin nan. Ranar da na rufe masa ido na ce masa ya huta, ni zan kula. Ba zan je in tashe shi in ce ya miƙo mini takarda ba."

Wanyera ya ce, "To kin zubar da lambu."

Na ce, "Lambu yana nan, leƙa ka gani. Lamba ce za ta tafi. Ja akuyarka, ta gama da furannina."

Na faɗa da ƙarfi a gabansu. Da suka watse kuwa na shiga kicin na zauna. Ban sani ba ko daidai na yi. Har yau in na wuce buhunan nan sai in kau da kai.

Ki ci abinci. Na ba Odeke malewa, busasshen tohon goran nan na miya, da gyaɗa ya kawo miki, ki tambaye shi, kar ya ce ya manta.

Mayinki


Nairobi, 18 ga Disamba

Mayi,

Ina gaishe ki. Malewa ta iso, na dafa da gyaɗar, na ci kwana uku.

Jiya da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma aka rufe. Na zauna gaban kwamfuta ina kallo, ban san me nake jira ba. Sabon bulo ya shigo, a cikinsa layi ɗaya: gurbin lambu 41 ya koma hannun ta farko a layin jira. Ba wanda ya danna komai. Abokin aikina ya leƙo ya ce, "Kai, ta yi aiki lafiya lau." Na shiga banɗaki na wanke fuska.

Wadda ta samu Jesika Namono ce, ta ƙasan kogi. Shekara huɗu tana jira. Ina jin kin koyar da ita.

Abu ɗaya nake so ki sani. Rufewa ba sharewa ba ce. Duk buhun da Papa ya sa wa hannu yana nan a sarƙar, da rana da nauyi da sunan lambu, a kan kwamfutocin nan dubbai. Ko kamfaninmu ya mutu, kuma da alama ya kusa, ba mai iya cire shi. Na buga miki su a takarda, shafi uku, suna cikin ambulan ɗin nan. Layin ƙarshe shi ne na 20 ga Fabrairu.

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba. Mu uku muka rage.

Khainza


Buginyanya, 12 ga Janairu

'Yata Khainza,

Barka da sabuwar shekara. Gwiwa da sauƙi, kunne sai addu'a.

Na sayar wa masu babur. Na tsaya a kan sikelinsu da sandata har suka ji kunya, amma dai sun zuba kofin Yokana cikin buhu ɗaya da na kowa, a gabana. Na ɗauka zan faɗi. Ban faɗi ba, na shiga na dafa shayi.

Jesika Namono ta zo da kaza, tana ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifi. Na ce ta ɗago, ta dai riƙa shanya kofinta a kan gadon shanya ba a ƙasa ba, don tun tana aji uku ƙazama ce. Shafukanki uku na kai bayan gida na karanta masa su layi-layi, sannan na sa su cikin Littafi Mai Tsarki.

Ranar Litinin na sauka ofishin ƙungiya na ce Masette ya sa ni a layin jira, da sunana, Perusi Nandutu. Ni ce ta goma sha tara. Ya ce zai iya kai shekara biyar. Na ce bishiyoyin ba su da inda za su, ni ma haka. Ya ba ni takarda ruwan ɗorawa, ya gyara murya ya fara karanto mini wa'azinki: "Malama, kar ki nuna wa kowa, ko..." Na ce ya rufe mini baki, na san wadda ta rubuta, na san kuma inda yake kai mutum.

Sabuwar yarjejeniyarki mai mutum biyar, ki gama ta, ko kamfani ya mutu ko ya rayu. Akwai tsofaffi da yawa a tudun nan. Amma ni ba zan zauna jiranta ba. Na kwafe kalmomin sau uku da hannuna. Ɗaya tana wurin matar fasto. Ɗaya tana bayan kalanda a kicin, na kuma nuna wa maƙwabciyata wurin. Ta ukun ita ce 'yar takardar da ke naɗe cikin wannan wasiƙa.

Na san za ki yi ihu, ki ce ta bi ta hannun Odeke, ta kwana a shagon Mbale. Ki yi ihunki. In ɓarawo ya ɗauka, yana da ƙafa yana da gida, zan bi shi da sandata.

Wannan karon ki ɗauko biro.

Mayinki,
Perusi